Wa Ke Yanke Wa Wayar Hannu Kwana?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare, har mutane sun daina tuhumarta. In wayar mutum ta soma shan caji kamar yadda rairayi ke shan ruwa, ko ta riƙa nawa in an taɓa ta, sai a ji abokansa suna ba shi haƙuri, suna cewa, "Ai wayar zamani ke nan, shekara biyu ce, in ta yi ƙoƙari uku." Mai sayarwa ya faɗi haka, mai gyara ya faɗi haka, shi kuma mai wayar ya karɓa, ya shiga fafutukar neman kuɗin sabuwa. Da ya ke kowa na faɗi, sai aka ɗauka haka abin ya ke tun asali, kamar yadda gero ya ke da kwanakin da ya ke yi kafin ya nuna.

To, waya ba gero ba ce. Abu ne da waɗansu mutane suka zauna suka shata, suka auna, suka ƙera, suka kuma yi lissafin ribarsa tun bai fito kasuwa ba. Maƙerin da ya ƙera fartanya ya san irin ƙarfen da ya sa mata, ya kuma san ko damina nawa za ta yi. Haka masu ƙera waya sun san kwanan abin da suka ƙera, su ne ma suka yanka shi. Wayar da ya kamata ta yi shekara shida ko bakwai a hannun mai ita, an gajarta kwananta, wani lokaci da gangan, wani lokaci da halin ko-in-kula, domin ran da aka jefar da tsohuwa, ran nan a ke cinikin sabuwa. Wannan tuhuma ce mai nauyi, ba a kuwa yin tuhuma sai da shaida. Ga shaidun nan tafe.

Abu uku da ke kashe waya

Wayar da a ke magana a kanta ita ce wadda a ke kira komai-da-ruwanka, mai faffaɗan gilashi da a ke shafawa da yatsa. Irinta ta soma bazuwa daga shekarar 2007, sa'ad da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone, sa'an nan a 2008 wayoyin Android suka biyo baya. Yanzu kowace shekara ana sayar da fiye da guda biliyan 1 a duniya. A cikin cikinta akwai wani ɗan allo mai ɗauke da ƙananan na'urori, shi ne ƙwaƙwalwarta. Ba abin da ke juyawa a jikinsa balle ya sude, saboda haka in bai sha ruwa ba, wutar lantarki kuma ba ta ƙona shi ba, ya kan yi shekara da shekaru yana aiki. Abin da ke kai waya juji galibi ɗayan uku ne: batir, da manhaja, da rashin kayan gyara.

A fara da batir. Batirin waya na wani sinadari ne da a ke kira lityam, kowane caji kuwa yana rage masa ƙarfi ɗan kaɗan. A kan ƙidaya kwanansa da yawan cika: in ya cika ya ƙare, an ci ɗaya ke nan. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa batirin wayoyinsa, har zuwa iPhone 14, an yi shi ne domin ya kai cika 500 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na fari. Mutumin da ke cinye caji guda kullum zai kai wannan adadi cikin shekara ɗaya da wata huɗu da rabi. Daga nan sai ƙarfin ya yi ta ja da baya, wayar da ta ke wuni da caji ta koma ba ta kai azahar. Wannan ba laifin kowa ba ne, halin sinadarin ke nan. Laifin yana ga yadda aka ajiye batirin.

Waɗanda suka riƙe wayoyin farko da suka shigo Nijeriya a 2001, irin su Nokia 3310, ba su manta ba. Da babban yatsa a ke zare murfin baya, a cire batirin da ya gaji, a sa sabo, a ci gaba da magana. Yau kuwa an tura batir can cikin ciki, an shafa masa danko, an rufe da gilashi, an kuma like gilashin. Kafin a kai gare shi sai an gasa wayar da iska mai zafi, an ɓamɓare ta a hankali da kayan aiki na musamman, in hannun mai gyara ya kuskure kuwa gilashi ya tsage. Fitila in lagwaninta ya ƙare, lagwani a ke sakewa. Keke in tayarsa ta sude, taya a ke sakewa. Ba a taɓa jin mai hankali ya jefar da keke saboda taya ba. Amma a sha'anin waya an koya wa mutane su jefar da abin dubun dubbai saboda ɓangaren da ya fi kome araha a cikinta, wanda kuma tun ran ƙira aka san shi zai fara gajiya.

Na biyu manhaja, watau tsarin umurnin da aka zuba wa waya, wanda ke gaya mata abin da za ta yi. Manhaja kamar katangar ƙasa ta ke, dole a riƙa yi mata yaɓe, domin ɓarayin intanet kullum suna neman tsaga, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin da ya ƙera waya shi ke aiko da wannan yaɓe ta intanet, shi ke kuma yanke ranar da zai daina. An yi shekaru da yawa galibin wayoyin Android shekara biyu ko uku kaɗai a ke yi musu wannan hidima, waɗansu masu araha ma ko hakan ba su samu ba. Ran da aka daina, waya tana nan garau, ba tsaga ba tabo, amma ta zama katangar da aka bar wa damina. Sannu a hankali manhajar banki ta ƙi hawa, ta aika saƙo ta ƙi buɗewa. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da iPhone 6 da iPhone 6 Plus, domin kamfaninsu ya daɗe da daina sabunta musu manhaja. Wanda ya sayi ɗayansu ta hannu a 2023, yana murna ya sami araha, ashe shekara biyu kaɗai ya saya bai sani ba.

Na uku kayan gyara. Gilashi ya kan fashe, bakin caji ya kan lalace, waɗannan duk ƙananan ciwo ne. Amma in kamfani ya daina yin kayan, ko ya tsawwala musu kuɗi har gyara ya kusa kai rabin kuɗin sabuwa, to ya riga ya yanke wa mai waya shawara. Waɗansu kamfanoni ma sun ƙaro wata dabara: a ba batir da gilashi da kyamara lamba, a ɗaure lambar da ƙwaƙwalwar wayar. In mai gyara ya sa wani, sai wayar ta riƙa nuna gargaɗi, ko ta hana wani aiki. Abin ya yi yawa har jihar Oregon ta Amurka ta kafa doka a 2024 ta hana shi. Mutum ya sayi abu da guminsa, amma wani can a ƙetaren teku shi ke da ikon cewa ga wanda zai taɓa shi. Wannan saye ne ko aro?

Tsohuwar dabara ce

Kada a zaci masu waya ne suka fara wannan wayo. A watan Disamba na 1924 manyan kamfanonin da ke yin ƙwan lantarki suka taru a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, cikinsu har da Osram na Jamus da Philips na Holan. Suka ƙulla wata ƙungiya da a ke kira Phoebus. Kafin taron, ƙwai ya kan yi awa 1,500 zuwa 2,000 yana ci. Suka yi yarjejeniya kada ƙwan kowa ya wuce awa 1,000. Suka riƙa karɓar ƙwai daga masana'antun juna suna gwadawa, wanda nasa ya cika daɗewa a ci shi tara. A duba wannan al'amari da kyau: tarar ta wanda ya yi abu mai ƙarko ce. Ƙungiyar ba ta watse ba sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya raba kan 'ya'yanta. Masu kāre ta sun ce ƙwan da ba ya daɗewa ya fi haske, akwai kuwa ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai in alheri suka nufa wa masu saye, me ya sa aka yi shawarar a asirce, ba a gaya wa masu sayen ba?

Ranar da asiri ya tonu

Ramin ƙarya ƙurarre ne. An daɗe masu iPhone suna gunaguni cewa wayarsu ta kan yi nauyi in ta kwana biyu, ana ce musu zato ne kawai. A ƙarshen 2017 waɗansu masu bincike suka auna, suka tarar lalle wayar da batirinta ya tsufa tana rage gudu, in an sa mata sabon batir kuwa sai gudun ya dawo. A watan Disamba na wannan shekara kamfanin Apple ya amsa. Ya ce ya aika da wata manhaja wadda ke rage wa iPhone 6 da 6s da SE da 7 gudu in batirinsu ya gaji. Dalilin da ya kawo shi ne, tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai ƙarfi a lokaci guda, sai waya ta ɗauke ba zato, saboda haka gara ta yi nawa da ta riƙa mutuwa.

A yi adalci, wannan dalili ba ƙarya ba ne, tsohon batir yana yin haka. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da an gaya wa mai waya, "Batirinka ya gaji, sake shi," da ya kashe kuɗi kaɗan ya huta. Ba a gaya masa ba. Shi kuwa da ya ga wayarsa tana jan ƙafa, me zai zata in ba tsufa ba? Sai ya nufi kanti ya sayi sabuwa, da yawa kuma wajen kamfanin nan dai suka koma.

Hukumomi ba su ƙyale ba. A 2018 Italiya ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 10. A 2020 Faransa ta ci shi Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu saye ba. A Amurka, cikin shekarar nan ta 2020, ya yarda ya biya masu wayar da suka kai ƙara kuɗin da zai iya kai Dala miliyan 500, ya kuma biya jihohi fiye da 30 Dala miliyan 113, ko da ya ke bai amsa ya yi laifi ba.

Akwai shaida guda wadda ta fi waɗannan tara duka ƙarfi, domin daga bakin mai abin ta fito. Don ya lallashi jama'a, kamfanin ya rage kuɗin sake batir daga Dala 79 zuwa Dala 29 a shekarar 2018. Mutane suka yi ta tururuwa suna sakewa. A farkon watan Janairu na 2019 shugaban kamfanin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari takarda yana gaya musu ciniki bai kai yadda aka zata ba. Cikin dalilan da ya lissafa har da wannan, cewa waɗansu mutane sun ci moriyar arahar batir. Watau da batir ya yi araha, mutane suka riƙe tsofaffin wayoyinsu, cinikin sababbi ya ragu. Mai neman sanin abin da ya sa a ke like batir da danko, ga amsa nan a rubuce.

Hujjojin masu ƙira

Masu ƙira suna da bakin magana, ya kamata kuwa a saurare su. Hujjarsu ta fari ita ce, an like waya ne domin ta yi siriri, kada kuma ruwa ya shiga. To, a 2014 kamfanin Samsung na Koriya ta Kudu ya fito da Galaxy S5. Ana ɓalle murfinta da farce a cire batir, duk da haka an shaida tana iya nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har rabin awa ba ta lalace ba. Da shekara ta kewayo aka fito da Galaxy S6, aka like batirinta. Abin da ya yiwu a 2014 bai zama gagara-badau ba a 2015. An dai zaɓi wata hanya ne.

Hujja ta biyu, sun ce ilmi na ci gaba, wayar bana ta fi ta bara, don me za a tsare mutane a kan tsohon abu? A shekarun farko haka ne, kowace sabuwa ta kan yi wa tsohuwa fintinkau. Amma yanzu abin ya lafa. Mai kiran waya, da mai aika saƙo, da mai tura kuɗi, da mai ɗaukar hoton biki, da wuya su ga bambanci tsakanin wayar bana da ta shekara uku da suka wuce. In kuwa sabuwa ta fi da gaske, ai kyan kaya shi ke sayar da kansa. Mai kayan kirki ba ya bukatar ya karya wa tsohon kayansa ƙafa kafin a zo rumfarsa.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi. Sun ce ƙarko tsada gare shi: batir mai kyau kuɗi ne, ajiye ma'aikata su yi shekara bakwai suna gyaran manhaja kuɗi ne, in an tilasta haka talaka ba zai iya sayen waya ba. Wannan magana ce ta lissafi, da lissafi kuwa za a amsa ta. A ɗauki misali. Mutum ya sayi waya Naira 150,000, ta yi shekara 2, kowace shekara ta ci masa Naira 75,000 ke nan. Maƙwabcinsa ya sayi ta Naira 240,000, a tsakiyar tafiya ya sake mata batir na Naira 20,000, ta yi shekara 5, kowace shekara ta ci masa Naira 52,000. Wa ya sayi mai tsada a cikinsu? Araha ba ta ado, in ji masu magana. Gaskiya ne ba kowa ke iya tara kuɗin mai ƙarko a lokaci guda ba, shi ya sa ma bai kamata a bar ƙarko ya zama abin masu hali kaɗai ba. Batir mai ciruwa da ƙananan kusoshi maimakon danko ba su ne ke sa waya tsada ba.

Da doka ta yi magana

Faransa ce ta fara tsawatawa. A 2015 ta kafa doka, duk wanda ya gajarta kwanan kaya da gangan domin a sayi sabo ya yi laifi, hukuncinsa ɗaurin da zai kai shekara 2 da tarar Yuro 300,000. A 2021 kuma ta tilasta a riƙa manna wa waya maki daga cikin 10, mai nuna sauƙin gyaranta, domin mai saye ya gani tun bai zaro kuɗi ba.

Sa'an nan Tarayyar Turai ta ɗauki abin gaba ɗaya. Daga ran 20 ga Yuni, 2025, sabuwar wayar da za a shigar kasuwar ƙasashenta sai ta cika sharuɗɗa. Batirinta ya kai cika 800 yana riƙe da kashi 80 cikin 100. Kamfani ya ci gaba da sayar da kayan gyaranta har shekara 7 bayan ya daina sayar da irinta. Ya kuma ci gaba da sabunta mata manhaja aƙalla shekara 5 daga wannan rana. A jikin kwalinta a manna takarda mai nuna ƙarkon batir, da jure faɗuwa, da sauƙin gyara.

Sai ga abin mamaki. A watan Oktoba na 2023 kamfanin Google ya yi alkawarin shekara 7 na sabunta manhajar Pixel 8. A watan Janairu na 2024 Samsung ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24. Apple kuma ya ce batirin iPhone 15 yana kai cika 1,000, ninki biyu na waɗanda suka gabace shi. Tun kafin su ma, wani ƙaramin kamfani a Holan mai suna Fairphone ya daɗe yana yin wayar da mai ita ke iya warwarewa da sukundireba a kan tabarmarsa, ya sake batir da hannunsa. Abin da aka yi shekara goma ana nuna kamar ba shi yiwuwa, da doka ta tunkaro sai ga shi ya yiwu. Ashe ba ilmi aka rasa ba, mai tsawatawa aka rasa.

Sai dai dokar Turai ta kasuwar Turai ce, ba ta ƙetare Bahar Rum ba. Wayar da aka yi domin kasuwar Kano ko Maraɗi ba ruwanta da waɗannan sharuɗɗa, alhali a nan aka fi bukatarsu. Zafi babban abokin gāban batir ne. Masu ƙira da kansu sun ce waya ta fi son kada zafi ya wuce digiri 35, ga shi kuwa a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram bazara ta kan haura 40. Ga ƙura, ga wutar janareta mai hawa da sauka a rumfar masu caji. Batirin da zai yi shekara uku a ƙasar sanyi ba lalle ya kai haka a nan ba. Tun kuma da darajar Naira ta faɗi a 2023, sake waya ya zama abin da magidanci zai yi wata da watanni yana tari dominsa.

In ɓera da sata

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba duk wayar da aka ajiye ce ta gaji ba. Manyan kamfanoni suna fito da sabuwa kowace shekara, a sauya launi, a ƙara idon kyamara guda a baya, a cika duniya da talla. Sai a ga saurayi ya ci bashi ya sake waya, ba domin tasa ta gaza ba, domin dai kada a gan shi a majalisa da ta bara. Wannan ciwon yayi ne, masu talla kuwa sun san shi sarai, da shi su ke noma. Wanda ke sake waya saboda idon mutane bai da bakin da zai yi kuka da kamfani, domin shi ya nuna musu ƙarko ba shi da kasuwa.

Wa ke biyan hasarar?

Hasarar ba ta tsaya ga aljihun mai saye ba. A cikin batirin waya akwai wani ma'adini da a ke kira kobalt, kimanin kashi 70 cikin 100 na wanda duniya ke haƙowa daga ƙasar Kwango ya ke fitowa, musamman wajen Kolwezi. Wani sashe nasa da hannu a ke tono shi cikin ramummuka masu zurfi, a 2016 kuwa ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton yara ƙanana suna wannan aiki. Kowace wayar da aka jefar tun kwananta bai ƙare ba, an ƙara aika wani cikin rami ke nan.

In an gama da ita kuma ina ta ke zuwa? Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙididdige, a 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, wanda aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wani sashe na sauran ya kan biyo jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma da sunan kayan gwanjo. A unguwar Agbogbloshie ta birnin Ankara, a Gana, samari sun yi shekaru suna ƙona wayoyin lantarki domin su fid da jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙi, kafin hukuma ta rushe wurin a 2021. Ma'adinin daga Afirka ya tashi, tarkacen Afirka ya komo, ribar kuwa a tsakani ta sauka wani wuri.

Abin yi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar sayen waya ya yi tambaya uku tun kuɗinsa na aljihu. Shekara nawa kamfani ya yi alkawarin sabunta manhajarta? Ana samun batirinta da gilashinta na ainihi a kasuwar garin, nawa ne kuma? In ta hannu ce, wace shekara aka fito da irinta, domin kwanan manhaja daga ran fitowa a ke ƙidaya shi, ba daga ran saye ba? Mai sayarwar da ya kāsa amsa waɗannan, a bar masa kayansa.

Wanda ya riga ya saya ya kiyaye ta daga rana da cikin mota mai zafi. Kada ya sa ta caji a ƙarƙashin matashin kai. Kada ya riƙa barinta ta ƙare ƙurmus, batir ya fi daɗewa in yana tsakanin kashi 20 da 80. Ya sa mata riga da gilashin kariya. In ta soma shan caji ko nawa, ya fara kai ta wurin mai gyara a duba batir kafin ya yi zancen sabuwa. Batirin da ya kumbura kuwa a cire shi nan da nan, domin yana iya kama wuta. Masu gyaran da ke zaune a kasuwar Farm Centre ta Kano da Computer Village ta Ikeja, da takwarorinsu a kowane gari, su ne ke ƙara wa wayoyin talakawa kwana. Sana'arsu abar girmamawa ce, abin da su ke bukata shi ne kayan gyara na ainihi da kuɗin da bai fi ƙarfin mai waya ba.

Babban aiki kuwa na hukuma ne. A Nijeriya ba a yarda a sayar da irin waya ba sai Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ita. Ƙofar da a ke bi a nemi wannan amincewa, a nan ya kamata a tsaya a yi tambaya: batirin cika nawa ya ke kai, manhajar shekara nawa, kayan gyara har yaushe? A sa a rubuta amsar a jikin kwali, da harshen da mai saye ke iya karantawa. Kada a ce kamfanoni za su yi fushi su tafi. Ba ɗan kasuwar da ke juya wa mutum fiye da miliyan 200 baya saboda an ce ya faɗi gaskiyar kayansa. Abin da suka iya yi wa mutumin Faris, suna iya yi wa mutumin Katsina, kuɗinsa ai ba jabu ba ne.

Saboda haka in an sake jin wani yana cewa wayar zamani shekara biyu ce, sai a tambaye shi, wa ya yanka mata shekara biyun? Waya ba ta da ajali sai wanda aka rubuta mata a ofishin kamfani, abin da mutum ya rubuta kuwa, doka tana iya sa shi ya goge ya sake.